Wanda Aka Zalunta: Ina Matsayinsa Daga Caji Ofis Zuwa Kotu?

Duk wanda ya taɓa zama a kotun majistare da safe ya san yadda magatakarda ke kiran shari'a: "Kwamishinan 'Yan Sanda da Wane." A babbar kotu kuwa sai ka ji "Jihar Kano da Wane" ko "Tarayyar Najeriya da Wane." Sunan mutumin da aka sara, ko aka yi wa fashi, ko aka lalata wa 'ya, ba ya cikin wannan kira. Yana can bencin baya da takardun asibiti a leda, yana miƙa wuya ko zai tsinci wani abu a Turancin da ake yi, har a ɗage zaman bai san an zo kan maganarsa ba. Sai an fito ya tari ɗan sanda mai gabatar da ƙara a bakin ƙofa ya ce, "Ranka ya daɗe, yaushe aka ce mu dawo?"

Wannan ba sakacin magatakarda ba ne, haka aka gina tsarin. Shari'ar laifuka da muka gada daga Ingila tana ɗaukar laifi a matsayin saɓa wa hukuma da zaman lafiyar jama'a, don haka hukuma ce mai ƙara. Wanda abin ya faɗa wa "mai ƙorafi" ne, kuma in an zo kotu shi ne shaidan gwamnati na farko. Akwai hikima a ciki. Talaka ba sai ya ɗauki lauya ba kafin a hukunta wanda ya cuce shi, kuma an cire hukunci daga hannun mai fushi don kada ramuwa ta haifi ramuwa. Sai dai kuma an wuce gona da iri. Sashe na 35 da na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 sun jero haƙƙoƙin wanda ake tuhuma dalla-dalla: a ɗauke shi marar laifi har sai an tabbatar, a ba shi lokacin shirya kariya, a bar shi ya ɗauki lauya, a kawo masa tafinta kyauta. Ban ga aibun ko ɗaya daga cikinsu ba, domin wanda ya san mutanen da ke kwana a gidan gyaran hali shekara da shekaru ba tare da an tabbatar musu da komai ba, ba zai nemi a rage su ba. Abin da ke damuna shi ne babu wani sashe makamancin wannan da aka rubuta domin wanda aka zalunta. Hatta tafinta, shi ana yi masa ne lokacin da yake ba da shaida, sauran zaman kuma ya zama ɗan kallo.

Duk da haka ba hannu rabbana yake ba. Yana da haƙƙoƙi, amma a warwatse suke cikin dokoki daban-daban, kuma kusan kowanne yana da lokacinsa, in ya wuce ya wuce. Babbar cikinsu ita ce Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015, wadda lauyoyi ke kira ACJA. Tana aiki a Abuja da kotunan tarayya, jihohi kuma sun kafa nasu a kan salonta, kamar Kaduna a 2017 da Kano a 2019. Lambobin sassan da zan ambata na dokar tarayya ne. A dokar jiha lamba na iya bambanta, ko da ma'anar ta zo ɗaya ko kusa.

A ɗauka masu ƙwacen waya sun tare matashi da magariba, sun soke shi da wuƙa sun gudu. Haƙƙinsa na farko a asibiti yake, tun kafin a je ga 'yan sanda. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa asibiti ko ma'aikacin lafiya hana mutum kulawar gaggawa bisa kowane dalili, kuma wanda ya saɓa zai iya fuskantar tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun. Idan harbin bindiga ne, akwai doka ta musamman ta 2017 da ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya karɓi mutum ya fara yi masa aiki ko da takardar 'yan sanda ko babu, ko an ajiye kuɗi ko ba a ajiye ba. Asibitin ne zai sanar da caji ofis mafi kusa cikin awa biyu da fara magani. Dokar ta kuma hana a takura wa wanda ya taimaka ya kawo shi. Har yanzu ana jin "ku je ku kawo rahoton 'yan sanda" a bakin ƙofar ɗakin gaggawa, kuma har yanzu mutane na tsoron ɗaukar wanda ya faɗi a titi. Wannan jumla ba ta da gindi a doka, kuma ta ci rayuka.

Rahoton likita da za a rubuta a wannan rana shi ne ƙashin bayan shari'ar da za a yi bayan shekara guda. A batun fyaɗe abin ya fi tsanani, domin maganin kariya daga ƙwayar cutar HIV sai an fara shi cikin awa 72, kuma wanka da wanke tufafi, waɗanda su ne abin da kowace uwa za ta fara yi wa 'yarta saboda tausayi, suna tafiya da hujja. Shi ya sa aka buɗe cibiyoyin kula da waɗanda aka ci wa zarafi, irin su Waraka a Asibitin Murtala na Kano, da cibiyoyin Salama a Jihar Kaduna, da Nana Khadija a Sakkwato, inda ake duba mutum, a ba shi magani da shawara, a rubuta rahoton da kotu za ta karɓa.

Sai caji ofis. Kai rahoton laifi kyauta ne. "Kuɗin fayil" da "kuɗin mai" ba su cikin kowace doka, ko da yake gaskiya ne sau da yawa ɗan sanda mai bincike ba a ba shi ko sisin yin binciken ba, sai nauyin ya dawo kan wanda aka riga aka yi wa ɓarna. Idan aka ƙi karɓar ƙorafi, ko aka karɓa aka danne, akwai hanyar rubuta takarda zuwa ga Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha, ko sashen karɓar koke na rundunar, ko Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. Akwai kuma hanyar da aka daɗe ana bi a Arewa, wato ƙorafi kai tsaye gaban alƙali. Sashe na 89 na ACJA ya yarda da shi, har ma da baki in doka ba ta shar'anta rubutu ba, kotu ta sa a rubuta. Alƙali na iya tura maganar ga 'yan sanda su bincika su dawo masa da rahoto, kuma fayil ɗin da alƙali ke jira ya fi wuyar ɓacewa.

Abu biyu mai ƙorafi ba shi da ikon nema, ko yaya ransa ya ɓaci. Sashe na 7 ya hana kama wani a madadin wani, don haka ba a tsare uwa ko ƙane don ɓarawo ya fito. Sashe na 8 kuma ya hana kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki kawai. Wanda ya mayar da 'yan sanda masu karɓar masa bashi zai iya wayar gari shi ake nema da diyya.

Idan an gano kayan da aka sace, yawanci ana riƙe su a matsayin kayan shaida. Kowa ya ga babura da motocin da ke tsatsa a harabar caji ofis, ciyawa ta fito ta ƙarƙashinsu. Mai kaya na iya neman a sakar masa abinsa bisa alƙawari a rubuce cewa zai kawo shi duk ranar da kotu ta buƙata. Ga ɗan acaɓan da babur ɗin nan ne abincin gidansa, wannan buƙata ta fi masa hukuncin da za a yanke wa ɓarawon gaggawa.

Akwai wani kwari tsakanin caji ofis da babbar kotu inda shari'o'i da yawa ke mutuwa. Manyan laifuka kamar kisa da fashi da makami sun fi ƙarfin majistare. Abin da zai yi shi ne ya ba da umarnin tsare wanda ake zargi, a tura fayil ma'aikatar shari'a domin lauyoyin gwamnati su ba da shawara ko akwai hujjar gurfanarwa. Sashe na 376 ya ba su kwana 14 daga ranar da fayil ya isa hannunsu. A zahiri akan yi watanni, wani lokaci fayil ɗin bai ma bar teburin mai bincike ba. A nan ne iyalin mamaci ke gajiya su ce sun bar wa Allah. Wanda ya riƙe lambar fayil, da sunan mai bincike, da ranar da aka tura, yana da abin da zai rubuta wa Antoni Janar ko daraktan gabatar da ƙararraki ya tambayi inda aka kwana. Wanda bai riƙe komai ba sai dai ya yi ta zarya.

Beli shi ne abin da ya fi ƙona ran mutane. Ka kai ƙarar mutum yau, jibi ka gan shi a majalisar unguwa yana shan shayi, sai zuciya ta ce an sayar da maganar. Wani lokaci ba a sayar da komai ba, doka ce ta ɗauke shi marar laifi tukuna, kuma yawancin laifuka ana ba da belinsu. Amma sashe na 162 ya lissafa dalilan da kotu za ta iya hana beli, ciki har da fargabar zai gudu, ko ya sake aikata laifi, ko ya tsorata shaidu, ko ya lalata hujja. Alƙali ba ya zaune a unguwarku. Idan an aiko da saƙon barazana, ko an turo wasu su "ja kunne," sai an kai wa mai gabatar da ƙara da hujja, saƙon waya ko sunan wanda aka aiko, kafin ya iya tashi ya yi suka ko ya nemi a soke belin da aka bayar.

Mai hali na iya ɗaukar lauya ya zauna masa a kotu ya sa ido. Irin wannan lauya yana sanar da kotu zuwansa, amma ba shi ke jan shari'ar ba. Amfaninsa shi ne ya tuna wa mai gabatar da ƙara abin da ya manta, ya bi fayil, ya fassara wa iyali abin da ya faru. In ana so lauya mai zaman kansa ya ja shari'ar da kansa, sai Antoni Janar ya ba shi izini a rubuce. Marigayi Gani Fawehinmi ya gwada iyakar wannan ƙofa bayan an kashe ɗan jarida Dele Giwa da bam ɗin wasiƙa a Legas ranar 19 ga Oktoban 1986. Ya nemi ya gurfanar da wasu manyan jami'an tsaro biyu da kansa, aka ce ba shi da hurumi, har maganar ta kai Kotun Ƙoli, wadda a 1987 ta ce yana da shi. Hukuncin ya faɗaɗa damar ɗan ƙasa, amma har yau ba a hukunta kowa kan kisan ba. Marasa hali kuwa sukan sami taimako a ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA da ire-irenta, musamman a shari'o'in mata da yara.

Ranar ba da shaida rana ce mai nauyi, kuma doka ta yi wani tanadi. Sashe na 232 ya ba kotu damar sauraron wasu shari'o'i a asirce, kamar na fyaɗe da ta'addanci da safarar mutane, a ɓoye suna da adireshin wanda aka cutar, a bar shi ya yi magana ta bidiyo ko a bayan labule. Sashe na 234 na Dokar Shaida ta 2011 ya hana lauyan wanda ake tuhuma da fyaɗe tono tarihin mu'amalar mace da wasu maza, sai da izinin kotu. Sashe na 251 na ACJA ya ce shaidan gwamnati ya cancanci a biya shi kuɗin da ya kashe wajen zuwa, abin da shaidu ƙalilan ne suka taɓa ji balle su karɓa. Sashe na 396 kuma ya ce a riƙa zama kullum, in hakan ya faskara kada kowane ɓangare ya nemi ɗagewa fiye da sau biyar, kuma kada tazara ta wuce kwanakin aiki 14. Wanda ya yi shekara uku yana biyan kuɗin mota daga ƙauye zuwa birni zai faɗa maka yadda ake bin wannan sashe.

Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, wato VAPP, ita ce ta fi kusa da rubuta wa wanda aka cutar haƙƙoƙinsa a wuri guda. Sashe na 38 ya ce a sanar da shi taimakon lafiya da na shari'a da ake da shi, a ba shi damar gyara rayuwarsa ta hanyar karatu ko sana'a, kuma kada makaranta ko wurin aiki su kore shi don ya kai ƙara. Tana ba da damar neman umarnin kotu na hana mai cin zarafi kusantar mutum, ta kuma wajabta wa kotu sanya diyya a shari'ar fyaɗe. Asalinta ta Abuja ce, inda hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane ke kula da ita, kuma mafi yawan jihohi sun kafa irinta.

Yanzu ga maganar sulhu, wadda a ganina ita ce ta fi kowace cin mutane a ƙasar Hausa. A ƙananan laifuka, kamar zamba cikin aminci ko faɗan da aka ji rauni kaɗan, doka ta yarda a sasanta, kuma sau da yawa hakan ya fi alheri: an dawo da kuɗi, an biya magani, zumunci bai tsinke ba. Sashe na 355 na ACJA ya ba mai ƙorafi damar janyewa in ya gamsar da kotu da dalilinsa. Amma a lura, dokar ta ce idan kotu ta amince sai ta wanke wanda ake tuhuma, ma'ana ba a dawowa gobe a ce ai bai cika alƙawarin biyan ba. Kada a janye sai abin da aka yi alƙawari ya shigo hannu, ko an rubuta shi a gaban alƙali.

Fyaɗe da kisa kuwa ba na uba ba ne balle ya janye. Sai dai kowa ya san yadda ake yi. Za a zo da dattawa bayan isha'i, a yi sallama, a ce "a rufa wa yarinya asiri, wa zai aure ta in magana ta fita?" A ajiye ɗan abin da aka ajiye. Ranar zama shaidu ba za su zo ba, a ɗage, a sake ɗagewa, daga ƙarshe kotu ta kori ƙarar saboda babu mai ba da shaida. Yarinyar da aka yi domin ita ba a tambaye ta ba, kuma mutumin ya koma unguwar da sauran yara ke wasa. A 2020 Jihar Kaduna ta tsananta hukuncin fyaɗe har zuwa dandaƙa da kisa ga wanda ya yi wa yaro ƙasa da shekara 14. Na fahimci fushin da ya haifar da dokar. Amma tsananin hukunci ba ya aiki sai shari'a ta kai ƙarshe, kuma ba ta kaiwa sai an tsaya wa iyalin da ake matsa wa lamba, an kare su daga gori, an ɗauke musu kuɗin zirga-zirga.

Akwai wani nau'in sasantawa da hukuma ke yi da kanta, inda wanda ake tuhuma zai amsa laifi a rage masa tuhuma ko hukunci. An fi ganin sa a shari'o'in EFCC. A nan sashe na 270 ya ba wanda aka cutar murya a fili: mai gabatar da ƙara sai ya tuntuɓe shi ko wakilinsa, ya ba shi damar faɗin ra'ayinsa kan abin da yarjejeniyar ta ƙunsa, da kuma batun sanya diyya ko mayar da dukiya a cikinta. Wanda aka damfara ya ji ana maganar irin wannan yarjejeniya, lokacin magana ke nan, da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Diyya ita ce haƙƙin da ya fi daɗewa a rubuce kuma ya fi kowanne zama a banza. Tun dokar hukunta laifuka ta Final Kod da ta fara aiki a Arewa a 1960, sashe na 78 ya ba kotu ikon sa mai laifi ya biya wanda ya cuta, ko a haɗa da wani hukunci ko a madadinsa. ACJA ta ƙarfafa wannan. Sashe na 319 ya ambaci diyyar rauni da kuɗin magani, na 321 ya yi maganar mayar da dukiya ko kwatankwacinta, na 314 kuma ya ce kotu na iya sanya diyyar da ta dace ba tare da la'akari da iyakar kuɗin da aka ƙayyade mata ba, har ta nemi ƙarin shaida don ta san adadin. Mutane da yawa ba su bambance tara da diyya. Idan alƙali ya ce "ɗaurin shekara ɗaya ko tarar naira dubu hamsin," kuɗin nan asusun gwamnati za su. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Diyya galibi sai an roƙa, kuma wanda zai roƙa shi ne mai gabatar da ƙara, kafin a yanke hukunci. Don haka rasiɗin asibiti, da na kantin magani, da takardar sayen waya ko babur, da lissafin kwanakin da mutum ya yi bai fita nema ba, duk a tara su a damƙa masa tun da wuri, a kuma tuna masa ranar da za a yanke hukunci. In an ɗaukaka ƙara, biyan zai jira sai an gama.

Wanda ya rasa wannan dama yana iya shigar da ƙarar neman diyya daban, amma da kuɗinsa da lauyansa. Kuma sashe na 135 na Dokar Shaida ya ce idan zargin aikata laifi ne ginshiƙin ƙara, ko da ta neman diyya ce, sai an tabbatar da shi ba tare da wani kokwanto mai ma'ana ba, daidai da shari'ar laifi.

To idan mai laifin ba shi da ko taro fa? Yawancin masu ƙwacen waya haka suke. Sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya ta ranar 29 ga Nuwamban 1985 kan adalci ga waɗanda aka zalunta ta nemi ƙasashe su biya da kansu idan aka yi mummunan rauni ko kisa kuma mai laifi ya kasa. New Zealand ta fara irin wannan tsari a 1963, Birtaniya a 1964. Najeriya tana da asusu na musamman ga waɗanda aka yi safararsu, kuma a 2014 an kafa na waɗanda ta'addanci ya shafa ƙarƙashin Janar T.Y. Danjuma. Amma magidancin da 'yan fashi suka karya wa ƙashin baya a hanyar kasuwa ba shi da asusun da zai nufa. Ko inda aka yanke diyyar ma, karɓa wani yaƙi ne. Kotun musamman da ta zauna a Dakar ta samu tsohon shugaban Chadi Hissène Habré da laifi a 2016, a 2017 kuma aka yanke diyyar sefa biliyan 82 ga mutum 7,396. Har ya mutu a 2021 kuɗin ba su shiga hannunsu ba.

Abin da ke ƙara sa wannan tsari ya yi wa Bahaushe baƙunta shi ne ya san wani dabam. A fiƙihun Malikiyya da aka yi ta hukunci da shi a kotunan sarakuna kafin 1960, wanda kuma jihohi 12 suka dawo da shi a rubuce bayan Zamfara ta fara a 2000, jinin wanda aka kashe haƙƙin waliyyansa ne. Su za su nemi ƙisasi, ko su karɓi diyya, ko su yafe. Aya ta 178 a Suratul Baƙara ita ce tushen wannan zaɓi. An ƙayyade cikakkiyar diyya da raƙuma 100, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000, raunuka kuma kowanne da kasonsa. Hukuma ba ta fita gaba ɗaya ba: ko an yafe, mai kisan ganganci zai sha bulala 100 da ɗaurin shekara guda, kisan gilla kuwa, wato a yaudari mutum a kashe shi don dukiyarsa ko makamancin haka, ba ya karɓar afuwar iyali. Wannan tsari ma yana da inda ake cutar mutane a cikinsa, domin talakan da mai ƙarfi ya kashe wa ɗa ana iya taruwa a kansa har ya furta yafiyar da ba ta kai zuci ba. Amma dai alƙali ba ya rufe shari'a sai ya juyo ya tambaye shi. A jihohin nan ma, shari'o'in kisa da yawa babbar kotu ake kai su ƙarƙashin Final Kod, inda uban mamaci zai koma shaida.

Tsallaka iyaka kaɗan, Bahaushen Maraɗi yana da abin da na Katsina ba shi da shi. Nijar ta gaji tsarin Faransa, inda wanda aka cutar ke iya shiga shari'ar laifi a matsayin ɓangare mai neman diyya. Lauyansa na ganin fayil, yana magana a zaman kotu, kuma yana iya ɗaukaka ƙara a kan abin da ya shafi diyyarsa.

A Najeriya kuwa manyan ƙofofi uku na ƙarshe duk a rufe suke ga wanda aka zalunta. Sashe na 174 da na 211 na Kundin Tsarin Mulki sun ba Antoni Janar na tarayya da na jiha ikon dakatar da shari'ar laifi a kowane mataki kafin hukunci, kuma tun 1983 Kotun Ƙoli ta ce kotu ba ta tuhumar sa dalili. Idan aka wanke wanda ake tuhuma, wanda aka cutar ba shi da ikon ɗaukaka ƙara da kansa, sai dai ya roƙi gwamnati ta yi. Sannan sashe na 175 da na 212 sun ba shugaban ƙasa da gwamnoni ikon yin afuwa bayan shawara da majalisar da doka ta tanada, ba tare da an shar'anta jin ta bakin iyalin da aka yi wa ɓarna ba.

An ga yadda wannan ke ƙarewa a Oktoban 2025, lokacin da fadar shugaban ƙasa ta fitar da sunayen mutum 175 da aka yi wa sassauci, ciki har da matar da Babbar Kotun Abuja ta yanke wa hukuncin kisa a Janairun 2020 kan kashe mijinta. Wani ɓangare na dangin mamacin ya fitar da sanarwar ƙin amincewa, mahaifinsa kuma ya fito gaban 'yan jarida ya ce shi ya yafe. Bayan surutu ya yi yawa aka sake duba jerin, aka mayar da nata ɗaurin shekara 12. Ko mutum yana ganin ta cancanci sassauci ko bai gani ba, iyalin nan a shafukan jarida suka yi maganar da ya kamata a ce akwai teburin da doka ta tanadar musu su yi ta.

Amurka ta rubuta irin wannan haƙƙi a dokar tarayya ta 2004: a sanar da wanda aka cutar ranakun zama da ranar sakin mai laifi, a kuma saurare shi a kan beli da sasantawa da yanke hukunci. Kenya ta yi tata dokar a 2014. Asusun diyya yana buƙatar kuɗi masu yawa, na yarda, amma sanarwa ba ta buƙatar komai sai lambar wayar mai ƙorafi a bangon fayil, da ma'aikaci guda a rajistarar kotu da doka ta ɗora wa alhakin aika saƙo: an ɗage zuwa ranar kaza, an ba da beli, za a yanke hukunci ranar Litinin, ka zo da rasiɗanka. Majalisar dokokin kowace jiha na iya ƙara wannan a dokarta ta gudanar da shari'ar laifuka ba tare da ta jira Abuja ba.